Wanda Ya Yi Magana a Kaset

Eugene, Oregon
Yuni, 1996

Yaya Rhonda,

Gaisuwa mai yawa daga gida. Ina fata kina lafiya, sauron Alaska bai ƙarasa shanye ki ba, kuma majinyatan ƙauyen naku suna barin ki ki runtsa. Ni lafiyata ƙalau, sai bayan nan da ke damuna tun da na faɗo daga tsani, amma ina fita aiki. Baba ma da sauƙi, yana shan maganin hawan jininsa in na tsaya a kansa. Kunnen ne dai. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma sai kin yi ihu kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi. Abin ƙara jin da likita ya ba shi yana can cikin aljihun tebur tare da matattun batura.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Kin tuna kaset ɗin da Baba ya ɗauko a wasan mawaƙan nan Tolliver Road na bara? Ya kwafe shi kamar kullum, ya aika wa abokan musayarsa ko'ina. Ashe waya ɗaya ta saki tun a waƙar farko, kaset ɗin daga farko har ƙarshe ƙugi yake yi. Shi bai ji ba. Kowa ya ja bakinsa ya yi shiru saboda girmansa, sai Vern, abokin ɗaukar kaset ɗinsa. Kin san bakin Vern. A gaban mutane ya dafa shi ya ce, "Orrin, wannan firjin da ka ɗauko mana, a wane gari ya yi wasa?" Aka yi dariya, shi ma ya yi, don bai ji abin da aka ce ba. Sai a mota ya tsare ni sai da na maimaita masa.

Tun ranar bai sake sauka ɗakin ƙasa ba. Rikodar da makirfon da sandarsu suna nan ƙura ta rufe su. Yini yake yi a kujerar bakin taga yana kallon motar shara. Tolliver za su zo filin bayan gari a Agusta, ranar Lahadi da rana, kuma a raɗe-raɗin da ake yi mai gangarsu ba zai sake wani zagayen wasa gari-gari ba saboda gwiwarsa. Mutumin da duk shekara yake kwana biyu yana zane a jikin ambulan ɗin neman tikiti, bana ko ambulan ɗin bai saya ba. Ya kuma fara rabar da kasakasansa. Har mai kawo wasiƙa ya ba kwali guda.

Wallahi na gaji, Yaya. Ran Alhamis na je na duba wani wuri inda irinsu suke taruwa, na yi magana da matar da ke kula da wurin. Zan gaya miki yadda muka yi.

Ƙaninki,
Dwight

Bakin kogin Yukon
Yuli, 1996

Dwight,

Na samu wasiƙarka, na gode. Ina lafiya, ayyuka ne dai sun yi yawa, lokacin kifi ne, kullum sai an kawo min wanda ƙugiya ta shige masa yatsa. Allah ya ƙara wa bayanka sauƙi, ka daina hawa tsani kai kaɗai.

Yanzu ka gaya min, wane wuri ne wannan da ka je ka duba? Gidan tsofaffi za ka kai ubanmu? Don ya kurumce? Haba Dwight! Na karanta layin nan a tsaye, na sake karantawa a zaune. In ka gaji ka ce ka gaji, in nemi hutu in zo, ko da za su kore ni. Amma kada ka kuskura ka sa hannu a wata takarda ba tare da ni ba. Na je ofishin ƙauye na buga waya gida, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na san yana zaune kusa da ita.

Kuma mutum ba ya rabar da abin da ya tara shekara talatin haka kawai. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na sha ganin tsofaffi suna wannan rabon, na kuma san abin da ke biyo baya. Ka cire shi daga kujerar nan. Ka kai shi wasan, ko a kafaɗa ne.

Kada ka ɗauka na manta ko waye shi. Mu da muka tashi a layin masu ɗaukar kiɗa a kaset, ƙarƙashin sandunan makirfo, sauran yara suna can suna tsalle a ciyawa mu an kafa mu kamar gumaka. Ba tari, ba tafi, ba tambayar ina banɗaki. Ranar da atishawa ta kufce min a tsakiyar waƙar "Ruwan Maris", kallon da ya yi min har gobe ina jin sa a ƙeyata. Na tsani layin nan, na tsani ƙamshin burodi da cukun da ake soyawa a wurin ajiye motoci, don ba a barin mu mu je sai an tashi. Duk da haka can ne kawai na taɓa ganin ubanmu a raye sosai. In aka raba shi da wurin, ban san me zai rage ba.

Ka amsa min a jirgin da zai biyo. Na kasa zaune na kasa tsaye.

Yayarka,
Rhonda

Eugene
Ƙarshen Yuli

Yaya,

Muna lafiya, na ji daɗi da kike lafiya. Bayan ya yi sauƙi. Baba yana cin abinci, ba da yawa ba.

Gidan tsofaffi! Ka ji min mata. Ni da nake wanke masa kaya, nake yanka masa farce, ni za a rubuto wa daga ƙarshen duniya a ce kada in kuskura? Ki riƙa karanta wasiƙa har ƙarshe kafin ki hau sama. Wurin da na je ƙungiyar kurame ce, masu bin Tolliver irinmu. Kin san su ai, su ne suke tsayawa gefen dandamali kusa da manyan sifikoki, kowa rungume da balan-balan a ƙirji, kiɗan yana girgiza ta suna bi da jiki. Mu dai daga can baya muke hango su. Shugabarsu wata dattijuwa ce, Loretta, gashinta fari fat har gadon baya. A takarda muka yi hira. Ta ce in kawo shi, wuri ba ya ƙarewa.

Na dawo na gaya masa. Tabɗijam! Ya ɗaure fuska tamau ya ce, "Ni Orrin zan riƙe balan-balan a gaban Vern? Bikin haihuwar yara aka ce maka ana yi?" Ya juya kujerarsa ya ba ni baya.

Sai na sake dabara. Na sauka ɗakin ƙasa na kwaso kayan ɗaukan gaba ɗaya na baje su a falo, na ce ni zan je in ɗauko wasan bana, tunda gidanmu bai taɓa fashi ba. Ko gezau. Na kafa sandar a karkace. Na juya makirfo ɗaya yana kallon kicin, ɗayan yana kallon silin. Na nannaɗe waya a gwiwar hannu kamar igiyar shanya, abin da ya fi tsana a duniya. Ina kallon wuyansa yana yin ja. Da na ɗauko kaset mai arha na kanti zan saka, sai ga shi a kaina. "Kai wane irin jaki ne? Ba ni nan!" Yaya, rabon da ya zage ni da ƙarfi haka tun bara. Kamar in rungume shi.

Yanzu kullum da yamma darasi ake ba ni. Ya ce zai bi ni ne kawai don kada in zubar masa da mutunci, ba wasan zai je ba. Tikiti kuwa Vern ne ya kawo guda biyu ya tura ta ƙarƙashin ƙofa, ya gudu kafin a buɗe. Ban san yadda za ta kaya ba. Tsorona kada ya tsaya a wurin yana ganin bakuna suna motsi shi ba ya jin komai, ya dawo ya fi da lalacewa.

Dwight

Bakin kogin Yukon
Agusta

Dwight,

Ina gaishe ku, ina lafiya. Ka yafe min maganar gidan tsofaffi, na yi sauri, na sani.

Amma yanzu me ake ciki? Lahadin wasan ta wuce, wata Lahadin ma ta wuce, ba ko layi ɗaya. Daji yana ci da wuta a kudu da mu, hayaƙi ya rufe sama, jirgin wasiƙa bai sauka ba. Ban sani ba ko ka rubuto tana can a buhu, ko kuwa akwai abin da kake jin nauyin gaya min. Na sake buga waya, safe da yamma. Kai kana wurin aiki, na yarda. Shi fa? Ko fitilar da ka haɗa masa a jikin wayar ba ya gani?

Duk ƙarar da na ji sai in fita da gudu in daga kai sama, ashe injin kwalekwale ne. Jiya na sa wa wani yaro bandeji a ƙafar da ba ita ce ta ji ciwo ba, uwarsa ta bi ni da kallo. Ni na matsa a kai shi. In wani abu ya same shi a cikin zafin nan da cunkoson nan, ni ce. Zan ba wani mai kwalekwale wannan ya saka min a gidan waya na gaba. Ko me ya faru ka faɗa min kai tsaye, ba na son a lallaɓa ni.

Rhonda

Eugene
Agusta

Yaya Rhonda,

Kwantar da hankalinki, yana raye, lafiyarsa lau, ni ma haka. Wasiƙarki ta iso yau. Laifina ne, na kasa rubutu don ban san ta inda zan fara ba. Bai ɗauki waya ba saboda ba ya gida. Bai dawo gida ba tun ranar wasan. Ki zauna tukuna.

Mun isa tun da hantsi. Filin ajiye motocin yana nan yadda kika bar shi, tsofaffin bas-bas masu fenti, karnuka, masu soya burodi da cuku, samari suna yawo da yatsa ɗaya a sama suna neman mai ba su tikiti kyauta. Sai dai kowa ya tsufa. Waɗanda muka sani da gashi har kafaɗa yanzu sanƙo ne da jikoki. Baba yana tafe a gabana, kansa a ƙasa, ana ta kiransa ba ya ji, suna tsammanin fushi yake.

A layin masu ɗauka aka matsa mana aka ba mu wurinsa na tsakiya. Vern ya zo yana sosa ƙeya. Baba ya dube shi ya ce, "Sandarka ta karkace." Shi ke nan gaisuwar. Ya kafa tamu da hannunsa, ya sa min abin sauraro a kunne, ya nuna min allurar rikodar, ya ce in ta taɓa ja zai ci mutuncina.

Da suka fito, kai, Yaya, tsufa ya kama su. Mai jitar gemunsa ya yi fari, sai da ya sa tabarau ya duba igiyoyinsa. Mai ganga da ƙyar ya hau kujera. Waƙoƙin farko duk a sanyaye, har mai waƙar ya manta baiti, jama'a suka rera masa, ya ɗaga hula yana dariya. Ni idona yana kan Baba. Yana tsaye ƙiƙam, hannu a baya, ba dandamali yake kallo ba, allurar yake kallo. Ita kaɗai ke gaya masa ana kiɗa. Zuciyata ta karye, na ce a raina mun yi kuskure.

Lokacin hutun rabi sai ga Loretta ta ratso jama'a. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta hura wata jar balan-balan, ta ɗaure, ta tura masa a ƙirji, ta kama hannuwansa ta ɗora a kai, ta juya ta tafi abinta. Ya tsaya da ita kamar an ba shi jaririn wani. Yana neman inda zai yar, ba wuri, ko'ina wayoyi. Ana haka suka dawo.

"Ruwan Maris" suka ɗauko. Kin san yadda suke yi da ita, baiti biyu kawai sai su saki waƙar su shiga daji. Babbar jitar mai gurnani ta fara tafiya a ƙasa, ganga ta bi ta, mai jita yana zagaye su kamar ba zai shigo ba. Kowa ya kama hanyarsa har na ce sun ɓata, sun manta da juna. Can sai ga su sun haɗu wuri ɗaya, gaba ɗaya filin ya ɗauki ihu. Tsofaffin nan da suka hau da ƙyar! Mai gangar ya manta yana da gwiwa. Ni kaina na manta da allura. Da na waiwaya, Baba ya matse balan-balan ɗin da hannu biyu har da haɓa, idonsa a rufe, ƙafarsa tana dukan ƙasa daidai da ganga. Daidai, Yaya, ko kuskure babu.

Sai suka zo wurin nan da suke saukowa a hankali, kiɗan ya yi ƙasa ƙasa har ya zama kamar ɗigon ruwa. Wurin da duk mai ɗauka yake riƙe numfashi, wurin atishawarki. Dubban mutane tsit. To shi da kiɗan ya yi ƙasa, balan-balan ɗin ta daina motsi a hannunsa. Ya ɗauka sun gama. Ya buɗe ido a firgice, bakinsa dab da makirfonmu, ya kwarara ihu: "Kada ku tsaya! Don Allah kada ku tsaya!" Bai san ƙarfin muryarsa ba. Ya yi ta maimaitawa. Allura ta buga ja ta zauna a can. Ihun ya shiga kasakasan duk layin, na kowa da kowa.

Na jira a ce masa ya yi shiru. Ba wanda ya ce. Vern ya cire abin kunnensa yana share fuska da hula. Mai jitar ma ya ji, don ya ɗago kai ya duba wajenmu, ya gyaɗa, ya taka wani abu da ƙafa, suka sake tayar da ita sama. Sun ƙara kusan rabin awa a kai.

Da aka tashi na tsaya naɗe waya, na ɗago babu shi. Na same shi a bayan bas ɗin su Loretta yana cin burodi da cuku, suna koya masa magana da hannu, yana yi musu gardama. Ya ce gobe Tolliver suna Washington, akwai wuri a bas ɗin. Na ce magani fa? Ya zaro kwalbar daga aljihu ya girgiza min a fuska. Na ce kaya fa? Ya ce in tafi gida in daina damunsa. Mun so ya tashi daga kujera, to ga shi ya tashi. Yanzu ni ne nake zama a bakin taga ina jiran mai kawo wasiƙa.

Ga kaset ɗin na saka miki. Ya tambaye ni ko ya fita da kyau, na ce tsaf. Ban iya gaya masa ba.

Dwight

Wani gari a Montana
Satumba

Rhonda,

Ina lafiya. Ina shan magani. Ina fata kina cin abinci. Bas ɗin nan ba shi da kirki, kujerun sun kashe min ƙugu, Loretta kuma tuƙi take kamar ana bin ta. Na ga wasa huɗu. A uku sun yi ƙoƙari, ɗaya shirme ne, mai gangar ya yi ta sauri. Balan-balan ja ta fi, shuɗiyar fatarta ta yi kauri. Kada ki buga waya, ba amfani. Ki rubuto ta hannun Dwight, zan koma gida in an gama zagaye.

Abin da nake so ki yi min. Dwight ya ce ya aika miki da kaset ɗin Eugene, ya ce ya fita tsaf. Ƙarya yake, tun yana yaro in ya yi ƙarya kunnensa ke ja. Masu ɗauka kuma sun canza min. Wanda ban sani ba sai ya zo ya kama hannuna ya girgiza. Wani yaro ya sa na rubuta masa suna a jikin kaset ɗinsa. Na tambayi Vern, ya ce wani tsoho ne ya yi magana a tsakiyar "Ruwan Maris", ya ƙi faɗin ko waye. Na san na buɗe baki a wurin. Na ɗauka a hankali na yi.

Shekara talatin ba a taɓa jin ko numfashina a kaset ba. Ke ba kya tsorona, ba ki taɓa ba. Ki saurara ki gaya min gaskiya. Na ɓata shi?

Babanki,
Orrin

Bakin kogin Yukon
Satumba

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Ina lafiya, ina cin abinci, kifi har ya fita raina. Hayaƙin ya wuce, jirgi ya sauka, ya kawo min wasiƙarka da ta Dwight da kaset ɗin a rana ɗaya. Ka ce wa Loretta ta rage gudu, kuma ka sa matashi a ƙugun.

E, Baba, ka ɓata shi. Ba a hankali ka yi ba. Ana tsakiyar wurin shirun ka fasa ihu, har sifikar rediyona ta yi ƙara. Cewa kake kada su tsaya, kana haɗa su da Allah. Na ƙirga har na daina ƙirgawa. Jitar ba a jin ta sam sai kai. Ba naka kaɗai ba, na Vern da na duk layin ka ɓata, kuma yadda kasakasai ke yawo hannu zuwa hannu, kafin Kirsimeti sai an ji ka a kowace jiha. Da wani ne ya yi maka haka, da har yau ba ka gaishe shi ba.

Na saurare shi a ɗakin shan magani bayan an tashi. Na mayar da shi baya wurin nan, na sake, na sake, ina kuka kamar ƙaramar yarinya, har mai shara ta leƙo ta tambaya ko rasuwa aka yi min. Na ce a'a, babana ne yake magana. Na bincika duk kwalin da na zo da shi daga gida, kasakasanka maƙil, da rubutun hannunka a kowanne, amma babu ɗaya da muryarka take ciki sai wannan.

Don haka kada ka ce a goge shi, kada ka ce in mayar. Ba zan mayar ba. Na nemi hutu a Oktoba, an ba ni. In sun ƙara wasa a ƙarshen zagayen ka nema min tikiti, ka ce wa Loretta ta hura biyu. Zan tsaya kusa da kai. In sun sauko wurin shirun zan riƙa buga maka ganga a kafaɗa da yatsa, don ka san ba su tsaya ba.

'Yarka,
Rhonda